Guzurin Ɗalibi: Wa Zai Kai 'Ya'yan Zango Taron Masana?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a ƙofar gida a nan Adabraka, sai ga wani tsohon ɗalibinmu ya yi sallama, riƙe da ambulan. Yaro ne da muka koyar tun yana aji huɗu, yanzu kuwa ga shi da gemu, yana karatun digiri na biyu. Bayan an gaisa ya miƙo mana takarda, ya ce, "Malam, a duba mini wannan." Da muka duba sai muka ga wasiƙar gayyata ce daga wani taron masana harsuna a Turai. Sun karɓi tsakuren maƙalarsa a kan irin Hausar da matasa ke yi a Nima da Maamobi, sun ba shi minti 20 ya tsaya gaban malamai ya yi bayani. Muka ce masa barka, Allah ya sa albarka. Ya ce, "Amin Malam, amma fa ba zuwa zan yi ba." Muka tambayi dalili, sai ya juya bayan ambulan ɗin, inda ya yi lissafi da biro: kuɗin jirgi, kuɗin biza, inshorar lafiya, masauki na kwana huɗu, kuɗin rajistar taro. Mahaifiyarsa koko da ƙosai take sayarwa. Mu kuma albashin malamin makaranta ba sai an gaya wa mai karatu ba. Muka yi shiru, shi ma ya yi shiru.

Tun daga ranar abin yake cin mu a rai, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi wannan fili, don jama'a su taya mu dubawa.

Da farko dai wani zai ce, mene ne ma taron masana da har za a damu da shi? Ba yawon buɗe ido ba ne da cin abinci a otal? Gaskiya akwai masu mayar da shi haka, ba mu musa ba. Amma asalinsa kasuwa ce ta ilmi. Mai bincike yakan kawo abin da ya gano, ya baje shi a gaban waɗanda suka fi shi sani, su taya, su kushe, su nuna masa inda ƙafarsa ta zame tun kafin ya kai aikin ga masu jarrabawa. A nan ne editan mujalla kan ji maƙala ya ce a aiko masa da ita. A nan ne farfesan wata ƙasa kan ga yaro mai ƙwazo ya ce masa akwai gurbin digiri na uku a wurinsu, ya nema. Sau da yawa ma abin da aka samu a bakin ƙofa wajen shan shayi ya fi wanda aka samu cikin zauren. Jami'o'i da yawa a yau ba su ɗaukar malami, balle su ƙara masa girma, sai ya nuna abin da ya buga a mujallu, hanyar mujalla kuwa galibi ta taro take bi. Wanda bai je kasuwa ba, ko kayansa sun fi na kowa kyau, a ɗaki za su kwana.

Bari mu kawo misali daga Nima ɗin nan tamu, don kada a ce labarin nesa muke bayarwa. Daga 1965 zuwa 1968 wani saurayi Bature ɗan Ingila, Keith Hart, ɗalibin Jami'ar Kambirij, ya zauna a Nima yana nazarin rayuwar Frafra da suka zo ci-rani daga arewa. Ya lura cewa mutanen da littattafan gwamnati suka rubuta a matsayin marasa aikin yi, tun asuba suke kan ƙafafunsu: wannan dako, wancan gyaran rediyo, waccan dafa abincin sayarwa, wani kuma ba da bashi. A watan Satumba na 1971 ya kai wannan bayani wani taro kan rashin aikin yi a biranen Afirka, wanda aka yi a Cibiyar Nazarin Raya Ƙasa ta Jami'ar Sussex. A 1972 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahotonta a kan Kenya ɗauke da wannan tunani, a 1973 kuma aka buga maƙalar Hart a mujalla. Daga nan maganar tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma ta shiga bakin Bankin Duniya da ministocin kuɗi, har yau kuma ba ta fita ba. Duk wanda ya karanta ilmin tattalin arziki ya ci karo da ita. To, a lungunan Nima aka haife ta, a taro kuma aka raɗa mata suna. Ba mu ga laifin Hart ba, ya yi aikinsa, ya kuma yi shi da kyau. Tambayarmu ita ce, da a ce ɗan mai sayar da abincin ne ya lura da abin, wa zai biya masa kuɗin jirgi zuwa Sussex?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Enid Schildkrout ta rubuta People of the Zongo a kan zangon Kumasi, aka buga a 1978. Paul Lovejoy ya rubuta Caravans of Kola a kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, a 1980. Deborah Pellow ta rubuta Landlords and Lodgers a kan Sabon Zango na Malam Baƙo, a 2002. Rubuce-rubucen ajami na Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano wajejen 1858 ya rasu a 1934, wani malami ne daga Warso ta ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya yi shekaru yana nazarinsu yana bugawa. Littattafai ne masu amfani, muna kuma shawartar duk wanda ya samu ya karanta. Sai dai in ka jera su a kan tebur za ka ga abu ɗaya: mu ne labarin, wasu ne masu ba da shi. A da muna da uzuri, domin iyayenmu da yawa sun guji makarantar boko saboda tsoron a raba 'ya'yansu da addini. Yau wannan uzuri ya kau. 'Ya'yan zango, maza da mata, suna Legon, suna Kumasi, suna Kef Kos da Winneba da Tamale, wasu suna digiri na biyu, wasu na uku. Sun hau dutsen, sun zo daidai ƙofa, kuɗin mota ya tsayar da su.

Abin da ya ƙara mana ciwo shi ne, garin nan ba baƙon irin waɗannan tarurruka ba ne. A Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba) aka yi taron farko na masana harsunan Afirka ta Yamma a 1961. A watan Disamba na 1962 Jami'ar Legon ta karɓi babban taron duniya na farko na masu nazarin Afirka, Kwame Nkrumah ya buɗe shi, Farfesa Kenneth Dike na Ibadan ya shugabanta. Manufar ita ce 'yan Afirka su daina zama abin nazari kawai, su zama masu nazarin kansu. A shekarun nan ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, ta hannun Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo na Kintampo, ta bi gidajen malamanmu tana aron littattafan Larabci da na ajami, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Suna nan a ajiye, tafiyar mota ɗaya ko biyu daga Shataletalen Kwame Nkrumah. Yaron da ya yi makarantar allo a Nima sannan ya yi boko ya fi kowa cancantar karanta su, don shi ba sai ya je wata ƙasa koyon ajami ba. A 2013 kuma, a Legon ɗin dai, aka ƙaddamar da Ƙungiyar Nazarin Afirka ta 'yan Afirka, wadda ta yi taronta na farko a Ibadan a 2015, na biyu a nan Ankara a 2017, na uku a Nairobi a 2019.

Yanzu mu koma kan lissafin bayan ambulan, domin a nan gizo yake saƙa. Kuɗin jirgi shi ne babba, kowa ya san wannan. Amma wanda ya fi karya zuciya shi ne na biza, saboda ba a mayarwa. A 2023 Amurka ta mayar da kuɗin neman bizar ziyara dala 185, a 2024 kuma ƙasashen Turai masu bizar Shengen suka mayar da tasu yuro 90. In an hana ka, kuɗinka sun tafi. Hanawar kuwa ba abin mamaki ba ce: a 2019 wasu kwamitocin 'yan majalisar Birtaniya sun fitar da rahoto da ya nuna cewa ana hana 'yan Afirka bizar ziyara fiye da ninki biyu na yadda ake hana mutanen sauran nahiyoyi, cikin waɗanda abin ya shafa har da malaman jami'a masu takardar gayyata a hannu. In farfesa mai gida da albashi ya sha wannan, ina ga ɗalibi saurayi, ba mata, ba fili, ba abin kirki a banki? Ana tambayarsa shaidar cewa zai dawo, shi kuwa shaidarsa ita ce tsohuwarsa da littafin da bai gama rubutawa ba, waɗannan kuma ba su shiga fom.

Ba a ce babu masu taimako ba. Ƙungiyoyin masana da dama sukan rage wa ɗalibai da mazauna Afirka kuɗin rajista, wasu sukan ware ɗan tallafin tafiya. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta ɗauki nauyin matasan malamai daga jami'o'in Afirka zuwa taron shekara-shekara na Ƙungiyar Nazarin Afirka ta can. CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa da aka kafa a 1973 mai hedkwata a Dakar, ta yi shekaru a baya tana ba ɗaliban manyan digiri ƙananan tallafi na rubuta kundi. Amma guraben kaɗan ne, masu nema kuwa daga Alƙahira har Kef Tawun. Sannan akwai wani tarko da sai wanda ya shiga ya san shi: da yawa daga cikin tallafin nan ba a ba ka a hannu, sai ka kashe naka, ka dawo da rasit, a biya ka bayan wata da watanni. Wannan tsari ga mai shi ne. Ɗan mai kuɗi zai ranta a gida ya tafi, ɗan mai koko ya ci tallafin a takarda ya zauna. Haka ya faru da ɗalibin namu: an yi masa alkawarin rabin kuɗin jirgi in ya iso, ba a gaya masa yadda zai iso ba.

Ta ɓangaren gwamnati fa? Malaman jami'o'in gwamnati suna da alawus na littattafai da bincike, ɗalibi ba ya ciki. An kafa asusun GETFund a shekara ta 2000 don tallafa wa ilmi. A 2017 majalisa ta zartar da dokar Asusun Raya Zango, a 2020 kuma ta zartar da ta Asusun Bincike na Ƙasa. Muna ganin ya kamata 'yan majalisar da ke neman ƙuri'unmu su ji daga bakinmu cewa raya zango bai tsaya ga kwalbati da fitilun titi da filin ƙwallo ba, ko da yake muna son waɗannan ma. Amma wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis ya san taro ba ya jiran fayil. Ranar da aka sa ita ce ranar.

Saboda haka muka ce bari mu dubi gida. Ai tafiya da guzuri ba Bature ne ya koya mana ba. Kalmar zango kanta sunan masaukin ayari ce. Kakanninmu sun yi wata biyu zuwa uku a hanya daga Kano zuwa Salaga, da madugu a gaba, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, su koma da goro. Yaron da bai da jari, maigida ne yake ɗora shi a hanya, in ya isa kuma ga mai masauki da zai ba shi ɗaki ya haɗa shi da masu saye. Almajiri ma haka, in zai tafi neman ilmi unguwa ce take haɗa masa ɗan abin da zai riƙe. Ko littafin nan na Abubakar Imam, Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya samu ne saboda an ɗauki nauyin tafiyarsa Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Har gobe in mutum zai tafi Makka za ka ga 'yan'uwa da maƙwabta suna zuwa sallama, kowa da abin da ya sawwaƙa a hannu. Mun iya adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira susu. Mun iya gudummawar biki da ta suna, har mukan wuce gona da iri, mu ɗinka anko kala uku saboda aure ɗaya. Ba ma cewa a daina biki. Muna cewa al'ummar da ta iya wannan ba za ta kasa tura ɗalibai uku ko huɗu taro a shekara ba.

Kuma ba lallai sai Turai ba. Wannan shi ne abin da muka gaya wa yaron namu, ko da yake da farko bai ji daɗinsa ba. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Gana yana iya shiga Togo da Binin da Nijeriya da Senegal ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Fasfo da katin rigakafin shawara sun isa. Mota tana tashi daga nan ta bi Aflawo da Lome da Kwatano ta shiga Legas, daga can kuma hanyar Ibadan da Zariya da Kano a buɗe take. Jami'ar Bayero ta Kano ta yi taron duniya na farko a kan harshe da adabin Hausa tun 1978, jami'o'in Zariya da Sakkwato da Katsina su ma suna da sassan da ake nazarin Hausa har digiri na uku. Ga mai bincike a kan harshenmu, zama ɗaya da waɗannan malamai ya fi masa tafiya mai nisa inda mutum biyar ne za su gane misalansa. Mu ma muna da abin kai musu. Hausarmu ta Gana ta yi zaman shekara fiye da ɗari da Twi da Ga da Dagbani da Turanci, ta ɗauki kalmominsu, a bakin yawancinmu ma "motar Alhaji" ta zama "motan Alhaji". Wasu a can sukan yi mana dariya su ce Gananci. Masanin harshe kuwa ba dariya zai yi ba, zai jawo kujera ne ya ce a maimaita masa. Sannan a tuna, Hausa ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana take buga littattafai da su, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Ba mu da wani ofis da zai yi magana da yawun Hausar Gana a wajen da ake tsara ƙa'idojin rubutu da ƙamus. In ɗalibanmu ba su je ba, kujerarmu babu kowa a kai.

Mun kai wannan magana majalisar da mukan zauna da yamma, ba kuma kowa ne ya yarda ba. Wani dattijo ya ce mana, "Malam, kai da ka san ajinka akwai yaran da ba su da littafin rubutu, ka zo kana maganar jirgin sama?" Maganarsa tana da nauyi, mu da muke shiga aji kullum mun fi kowa sanin haka. Amsar da muka ba shi ita ce, yaran nan suna bukatar littafi, suna kuma bukatar su ga wani daga lungunsu ya zama malamin jami'a, domin yaro ba ya mafarkin abin da bai taɓa gani ba. Wani kuma ya ce, in an tura su ba za su dawo ba. Wannan ma ya faru, kuma duk wanda ya yi haka ya rufe wa na bayansa ƙofa. Maganinsa shi ne a fara da tarurrukan gida da na maƙwabta, irin na Ƙungiyar Nazarin Gana da aka yi a Kumasi a 2013, da Kef Kos a 2016, a ga kamun ludayin mutum, sannan malamin da ke duba aikinsa da mai unguwa su tsaya masa kafin a yi maganar ƙetare. Na ukunsu matashi ne, ya ce ai tun annobar korona ta 2020 ana yin taro ta intanet. Haka ne, kuma ya rage wahala. Amma wanda ya taɓa gabatar da maƙala ta waya, wuta ta ɗauke ana tsakiyar tambayoyi, ya san bambancin. Kuma ba a shan shayi da farfesa ta waya.

Akwai wata matsalar da majalisar maza ba ta tabo ba, sai wata abokiyar aikinmu ce ta tuna mana. Ta ce ɗaliba mace kuɗinta ya fi na namiji, domin wata tana da goyo, wata kuma gidansu ba za su bar ta ta kwana a wani gari ba sai da ɗan rakiya. In aka yi asusu aka ce kowa kuɗin mutum ɗaya, to an cire mata ke nan ba tare da an faɗa ba. Ta ce a sa wannan cikin lissafi tun farko, a kuma sa mata cikin masu zaɓe. Mun ga gaskiyarta.

Yadda muke hangen abin ba wani babban gini ba ne. Mutum biyar ko bakwai amintattu, cikinsu da malamin jami'a ko biyu daga 'ya'yan zango da za su iya karanta tsakure su gane ko taron na gaske ne, don akwai na 'yan damfara masu aiko da gayyata ga duk wanda zai biya. A ba da kuɗin kafin tafiya, a sayi tikitin kai tsaye, a karanta lissafi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara, domin abin da ya kashe ƙungiyoyinmu da yawa shi ne kuɗi a aljihun mutum ɗaya. Ba sai an fara daga tushe ba ma. Asusun Zakka da Sadaka na Gana da asusun ilmi mai ɗauke da sunan Sheikh Usman Nuhu Sharubutu sun riga sun san hanyar taimakon ɗalibai, ana iya roƙonsu su buɗe wannan reshe. 'Yan'uwanmu da ke Bronx ta Niyok da Hambug da Landan, ko ba su aiko da sidi ɗaya ba, in suka ba ɗalibi katifa da tuwo na kwana huɗu sun sauke masa kashi mai tsoka na lissafinsa, sun kuma raya sunnar masu masauki. Sharaɗi ɗaya za mu so a kafa wa duk wanda aka tura: in ya dawo ya tsaya a makaranta ko harabar masallacin unguwarsu, ya maimaita maƙalar da Hausa, iyayen da aka yi binciken a kansu su ji abin da aka faɗa game da su, su gyara masa in ya yi kuskure.

Shi dai ɗalibin namu bai je Turai ba, an karanta sunansa a jerin waɗanda ba su samu halarta ba. Ya ajiye wasiƙar cikin fayil. Da ya sake leƙo mu kwanan baya mun tarar ya faɗaɗa maƙalar, ya ƙara hira da tsofaffi a Sabon Zango don ya gwada Hausarsu da ta jikokinsu, yana kuma shirin aika tsakurenta Kano. Mun zauna mun sake lissafi a bayan wani ambulan ɗin, na mota wannan karon, har da kuɗin kwana ɗaya a Legas. Malamai huɗu a makarantarmu sun ce a sa sunansu, mai shagon da ke kusa da mu ya ce shi zai ɗauki kuɗin sabunta fasfo. Saura masauki a Kano, muna kuma cigiyar wanda yake da ɗan'uwa a wajejen Kabuga ko Gwale.